Ƙafar Kunkuru ta Shida

Ranar Talata da safe, motar 'yan makaranta tana tsaye a ƙofar Gidan Kimiyya, yara arba'in suna ta leƙe ta taga, aka buɗe Zauren Duniyoyi aka tarar babu Kunkuru.

Kunkuru mutum-mutumi ne mai ƙafafun taya shida, girmansa kamar na tunkiya, da dogon wuya da idanu biyu na gilashi. An ƙera shi da siffar na'urorin da ake aikawa duniyar Maris su yi yawo su turo hotuna. A tsakiyar zauren aka zuba masa jan yashi da duwatsu. Nan yake tafiya a hankali, ya tsaya, ya ɗaga wuya ya yi wa jama'a bayanin abin da ya sa ƙasar can ta yi ja, da yadda take da wata biyu, da irin sanyin da ake yi a cikinta. Yara ne suka raɗa masa sunan saboda nawarsa. Jibi Alhamis ya kamata a sa shi a akwati a tafi da shi wani babban baje koli a ƙasar waje, tare da Injiniya, matar da ta ƙera shi.

Kafin a sallami motar yaran, ma'aikata sun gama shari'arsu a tsakar gida. Mai shara ta ce ita kam ba ta ambaci sunan kowa ba, amma kowa ya ji abin da Malam Taurari, tsohon da yake yi wa baƙi bayani a zauren kafin a kawo Kunkuru, ya faɗa watan jiya. Mai sayar da tikiti ta ce a gabanta ma ya faɗa: wata rana sai ya jefa gwangwanin nan a rijiya.

*

Shugaban gidan bai kira 'yan sanda ba tukuna. Ya aika mota aka ɗauko yayansa.

Mai Sawu ake ce masa. Shekara talatin ya yi a gandun daji yana bin sawun namun jeji da na maharban da ke satar shiga, har gwiwoyinsa suka gaji ya ajiye aiki. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da Shugaba, amma ɗaya makaranta ta ɗauke shi, ɗaya daji. Da ya shiga ofis ɗin, sanyin na'ura ya dake shi, ya ga hotunan ƙanin nasa jere a bango yana gaisawa da manya. Ya ji abin nan da yake ji duk lokacin da ya zo nan, wani ɗan ƙulli a ƙasan ƙirji da ya daɗe da daina tambayar kansa sunansa.

"Yaya, ka taimake ni," in ji Shugaba, ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba. "In 'yan jarida suka ji, na shiga uku. Na ba ka zuwa la'asar. In ba a samu ba, zan miƙa tsohon nan ga hukuma."

"Ka ba ni zuwa la'asar," Mai Sawu ya maimaita. "To, ranka ya daɗe. Na'urorin ɗaukar hotonku fa? Na ga kun kafa su ko'ina kamar idon mujiya."

"Jiya Litinin ranar hutu ce. Muna kashe wutar ginin gaba ɗaya."

"Ashe dai ana bukatar idon tsoho," ya ce, ya ji daɗin faɗar haka fiye da yadda ya kamata.

*

Jan yashin ba shi da sauran amfani. Mutum goma sha sun tattake shi tun safe suna neman Kunkuru, kamar a ƙarƙashin yashin zai ɓuya. Mai Sawu ya zagaya sau ɗaya ya bar shi.

Injiniya tana zaune a gefen dandamalin, idanunta sun yi ja. A bayanta wani mutum mai kaurin hannu yana tsaye riƙe da jakar kayan aiki.

"Shekara uku, Baba," ta ce. "Shekara uku na yi a kansa. Ko 'yan biyuna ban raina da wahalar da na raini abin nan ba."

"Wa ya iya tuƙa shi?"

"Kowa. Ga inda abin tuƙin yake rataye a bango kullum, shi ma an ɗauke. Yara ma muna ba su su gwada."

"Yana da nauyi?"

"Sai mutum uku sun kama."

Mai Sawu ya dubi mutumin da ke bayanta. "Kai fa?"

Mai shara ce ta amsa daga nesa, tsintsiya a hannu. "Ai mijin Injiniya ne."

"Ni ne bakaniken gidan," mutumin ya ce a hankali. "Famfo, janareta, ƙofofi. Jiya ina gida."

"Ya ɗan fita da rana sayen kayan aiki," in ji Injiniya, ba ta ko waiwaya ba. "Baba, ba na son zargin babba, amma ka tambayi Malam. Tun ranar da aka kawo Kunkuru zauren nan bai ƙara amsa gaisuwata da fuska a sake ba."

A bakin ƙofa Mai Sawu ya tsaya gaban wani allon tagulla. An rubuta sunan Injiniya da manyan baƙaƙe, a ƙasa na Shugaba. Ya daɗe yana kallon na ƙasan.

*

Malam Taurari yana cikin wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakala, inda aka mayar da shi. Taswirar sammai a nannaɗe a kusurwa, da ƙwallaye tara na katako masu siffar duniyoyi da ya yi wa fenti da hannunsa, da doguwar sandar nuni.

"Ka zo kama ni?" ya ce. "Zauna. Kujerar ɗaya ce, amma ni na saba da tsayuwa. Shekara ashirin da biyu na yi a tsaye a zauren can."

"An ce ka ce za ka jefa shi a rijiya."

"Na faɗa. In ka samo min rijiyar zan sake faɗa." Ya buga sandar a ƙasa. "Ka san bayanin da yake yi wa yara? Ni na rubuta, kalma bayan kalma. Ni in na faɗa, yara hamma suke yi. Gwangwani ya faɗa, sai tafi. Rannan wata yarinya ta tare ni ta ce, Kaka, ina banɗaki? Abin da na zama ke nan, mai nuna banɗaki."

Mai Sawu ya dubi takalman tsohon. Dunduniyar dama ta cinye ta waje, kuma busasshen laka ya manne a gefenta. An yi ruwa jiya da safe, yau kuwa ƙasa ta sha iska.

"Malam, jiya ka zo nan."

Tsohon ya ajiye sandar.

"Kowace Litinin nake zuwa. Ina da mabuɗi."

"Yin me?"

"In na gaya maka za ka yi dariya."

"Ban cika dariya ba."

"Nakan jera ƙwallayena a gaban kujeru, in yi darasina daga farko har ƙarshe. Babu kowa. Shi yana gefe a kashe, ni ina magana." Ya share fuska da tafin hannu. "Ƙarfe goma sha ɗaya na gama. Da zan fita har na ce masa, yau dai ka yi shiru ka saurari na gaba da kai. Yana nan na bar shi. Amma in na faɗi haka a gaban mutanen can, sun samu abin da suke nema."

Mai Sawu bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Sai dai ya lura da ƙyar tsohon ya iya duƙawa ya ɗauki sandarsa.

*

Mai gadi ya rantse har sau uku cewa bai bar bakin ƙofa ba. A rantsuwa ta huɗu ya tuna ya je duba surukarsa a asibiti, daga sha biyu zuwa uku.

"Amma na san wanda ya yi," ya ce da sauri. "Masu tsintar ƙarfe ne. Zo ka ga sawun baronsu a ƙofar baya."

Sawun yana nan kuwa, taya ɗaya, daga cikin gida zuwa ƙaramar ƙofar baya. Mai gadi ya tsaya yana huci kamar shi ya gano. Mai Sawu ya durƙusa ya sa yatsa a cikin layin. Ko gaɓa ɗaya bai nutse ba.

"Abin da mutum uku ke ɗauka ba zai bar wannan ba. Ganye aka kwasa." Ya nuna tarin busassun ganye a bayan katanga. "Mai lambu ne, kuma kafin ruwa ya wuce, ga ɗigon ruwan a kan sawun."

Mai gadi ya ja da baya. "To ni dai kada a ce ni ne."

"Kai laifinka daban. Je ka zauna."

Mai Sawu ya miƙe da ƙyar, yana dafa katanga. In ba a ɗauke Kunkuru ba, kuma bai fita ta ƙofa ba, to da ƙafafunsa ya tafi, kuma bai yi nisa ba.

*

Zauren yana da wata ƙofa ta gefe da ba a cika buɗewa ba. A bayanta akwai ɗan kwalbati, sai fili mai ciyawa da tsakuwa wanda ya gangara zuwa tsofaffin gine-gine. A nan ya sami sawun.

An ɗora katako biyu a kan kwalbatin, an gyara su daidai faɗin tayoyi, an kuma mayar da su jikin bango bayan an gama. Gurbinsu yana nan a laka. Daga nan layi biyu suka miƙa, tayoyin dama da na hagu, masu zanen ƙashin kifi. Mai Sawu ya bi su a sunkuye. Wanda ya tuƙa bai bi ta kan tsakuwa ba, ya zagaye ta, ko da yake hanyar ta fi tsawo. Inda dutse ya tare hanya, an ɗauke dutsen an ajiye gefe.

Sai ya ga abin da ya sa shi zama a ƙasa. A dama, tayoyi uku suna taka sawun juna. A hagu, biyu ne kawai. Ta tsakiya ba ta taɓa ƙasa ba. Kusa da layin hagun kuma ga sawun mutum, takalmin aiki, yana tafiya a karkace da gajerun taku, nauyinsa duk a kan yatsu. Mutumin ya yi tafiyar nan duka a duƙe, hannu ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana tallafe da ƙafar.

Ya taɓa ganin irin wannan sau ɗaya a daji, sawun giwa tana tafiya a gefen ɗanta mai ɗingishi.

Sawun ya ƙare a tsohon ɗakin famfo. Kwaɗon ƙofar ya yi tsatsa, amma an ɗiga masa mai. Ya leƙa ta tagar da ta fashe. Kunkuru yana ciki a kan bulo huɗu, an lulluɓe shi da leda, an ɗaure wa idanunsa tsumma mai laushi saboda ƙura. Ƙafafunsa biyar. Ta shidan babu, an kwance ta. A ƙasa ga murfin gwangwani, an jera notina shida a ciki bi da bi, kowanne da ɗigon mai.

Mai Sawu ya koma zauren ya sami Injiniya.

"'Yata, ƙafafunsa duk lafiya suke?"

"Lafiya lau. Ranar Asabar na duba komai, ƙwaƙwalwarsa, muryarsa, batir. Me ya faru?"

"Ba komai. Ki ce wa Shugaba ya tara min kowa."

*

Suka zauna a kujerun yara, a ƙarƙashin duniyoyin roba da ke rataye a rufi. Shugaba a gaba yana duba agogo. Malam Taurari shi kaɗai a layinsa, ba wanda ya zauna kusa da shi. Bakanike a can baya, jakarsa a kan cinya.

"Na ga Kunkuru," in ji Mai Sawu.

Injiniya ta zabura. Ya ɗaga mata hannu.

"Yana cikin gidan nan. Wanda ya ɗauke shi ba sayarwa zai yi ba, ba kuma lalatawa ba. So yake Alhamis ta wuce, jirgi ya tashi, sannan a wayi gari a gan shi a kan yashinsa. Malam ya zo nan jiya, gaskiya ne."

Aka ɗauki guna-guni. Mai shara ta tafa hannu. "Ban faɗa ba?"

"Ba ki faɗa ba, kin ce ba ki ambaci suna ba. Malam ya zo ya tafi. Bayansa ba zai iya duƙawa taku goma ba, balle ɗari biyu." Ya juya wajen mai gadi. "Yana tsohon ɗakin famfo. Nemi igiya ka fasa kwaɗon, ka sauke shi daga kan bulo, ka jawo mana shi ta kan tsakuwar nan. Yi sauri."

Mai gadi ya miƙe, yana murnar samun abin yi. Ya kai bakin ƙofa.

"Kada ka ja shi!"

Kowa ya waiwaya. Bakanike yana tsaye, jakar ta zame ta faɗi.

"In ka sauke shi a haka sandar tsakiya za ta lanƙwashe. Babu ƙafa a wajen."



"Ban ce wa kowa babu ƙafa ba," in ji Mai Sawu.

Mutumin ya sunkuya ya buɗe jakar, ya fito da wani abu a naɗe cikin tawul. Tayar ce. A gefenta ga sabon ɗinkin walda, siriri, an goge shi har yana sheƙi.

"Ta tsage tun makon jiya," ya ce, yana kallon tayar, ba matarsa ba. "Ba wanda ya lura. Da an kai shi can a haka, da ta karye a gaban mutane."

"Baban 'yan biyu," in ji Injiniya. Muryarta ta yi ƙasa sosai. "Kai?"

"Ni na yanka ƙarfen nan. Ni na lanƙwasa wuyansa. Tayoyin nan sau goma sha ɗaya na ƙera su kafin su hau dutse ba su kife ba. Ke kika sa masa hankali, ban musa ba, ban iya wannan ba. Amma jikinsa nawa ne. Shekara goma sha biyar ina gidan nan ana ce min Bakanike. Yanzu ko mai shara mijin Injiniya take ce min. A gida 'yan biyu suna nuna wa abokansu hotonki a jarida, ni kuma ga gwiwar hannuna a gefen hoton, an yanke sauran. Na ce bari dai wannan tafiyar ta wuce. Ita kaɗai."

"Ai allon ba ya ɗaukar sunan kowa da kowa," in ji Shugaba. "Akwai ƙa'ida, sai mai takardar shaida."

"Ya ɗauki naka," in ji Mai Sawu.

Bai yi niyyar faɗa ba. Maganar ta fita da kanta, da wani zafi da ba na yau ba, ya ga kunnuwan ƙaninsa sun motsa kamar yadda suke yi tun suna yara in an kama shi. Ya ji daɗi, nan take kuma ya ji kunyar daɗin.

Malam Taurari ne ya miƙe, yana dogara sandarsa.

"Ɗana, hassada ba baƙuwata ba ce, tare muke kwana da ita. Ban ga laifinka a nan ba. Amma tun safe kana tsaye ana cewa za a kai ni wajen 'yan sanda. Da shekaruna. Ba ka ce komai ba."

"Da an zo tafiya da kai, da na yi magana, Malam."

"Wataƙila. Ni dai ban ji ba."

Bakanike ya sunkuyar da kai.

Shugaba ya gyara murya ya ce ba za a kira hukuma ba, saboda sunan gidan, amma daga yau Bakanike ya ajiye mabuɗansa. Ba wanda ya roƙa masa. Injiniya tana zaune, hannuwanta a cinya.

"Ranar da aka kawo allon na ga babu sunanka," ta ce. "Na ce gobe zan yi magana. Da gobe ta yi, aka zo ɗaukar hoto, na ji daɗin yadda yake, na bar shi." Ta ɗago ta dube shi. "Wannan nawa ne. Amma jiya da yamma na zuba maka abinci ka ci, yau da safe ka ga ina kuka ka miƙo min hankici. Wannan ban san inda zan ajiye shi ba."

"Ki bari in mayar masa da ƙafar," ya ce. "Ba wanda ya san ɗaurin notinan sai ni."

Ta dubi Shugaba, Shugaba ya kawar da kai. Ta ce, "Je ka."

*

Kafin la'asar Kunkuru ya koma kan jan yashinsa da ƙafafu shida. Aka kunna shi don gwaji. Ya ɗaga wuya ya gaida kujerun da babu kowa, ya fara bayanin cewa yini a duniyar Maris ya ɗan fi namu tsawo. Bakanike ya saurari ƙarar tayar har ta hau dutse ta sauka, sannan ya ajiye mabuɗai a kan dandamali ya ɗauki jakarsa.

Mai Sawu ya daɗe a ɗakin Malam Taurari, tsohon yana nuna masa ƙwallayensa ɗaya bayan ɗaya, wai wannan mai zoben sai da ya yi wata guda a kansa. Da ya fito, gidan ya watse. An share tsakar gida an yayyafa ruwa, ƙasar ta yi laushi, kuma idonsa, da bai san hutu ba, ya sauka a kan sawu biyu da suka nufi babbar ƙofa.

Na mace a gaba, taku gajeru masu sauri, dunduniya tana huda ƙasa. Na takalmin aiki a baya, yana jan ƙafa, bai yarda ya taka nata ba ko sau ɗaya. Ya bi su a hankali. Dab da ƙofa sawun macen ya tsaya. Ƙafafu biyu a jere, sun nutse sosai, alamar ta jima a wurin. Ba ta juya ba, yatsun suna kallon waje. Na namijin ya matso har ya rage taku biyu, shi ma ya tsaya.

Mai Sawu ya durƙusa ya duba da kyau, ya sake dubawa. Daga nan kwalta ce, ba ta riƙe sawun kowa.